Kujerar Makka

Shekarar da kawuna ya sauke farali, 1977, ina aji biyar na firamare a Zuru. Kawu manomi ne tsantsa. Ba ya ɗaukar albashi, ba shi da kanti a kasuwa, bai kuma san kowa a gidan gwamnati ba. Dukiyarsa ita ce gonar dawa a hanyar Dabai, da 'yar fadamar shinkafa, da wasu shanu da ya ba Fulani kiwo. Damina biyu a jere gonar ta yi albarka, sai ya sayar da bijimai uku, ya fasa rumbu guda, ya haɗa da kuɗin gyaɗa. Da wannan ya biya kujera, har guzuri ya ragu a hannunsa. Ba wanda ya yi mamaki a unguwarmu, domin a shekarun nan haka ake yi. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, naira ta fi dala daraja, gwamnatin tarayya kuma ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa tun 1975. A shekarar kaɗai 'yan Najeriya sama da 100,000 suka tsaya Arfa. Wannan ya zarce kujeru 95,000 da Saudiyya ta saba ware mana a baya-bayan nan, ga shi kuwa yawanmu ya ninka na wancan lokaci har sau uku.

Tafiyar ta mutum ɗaya ce, amma hidimarta ta gari ce. Saura sati biyu a tashi Kawu ya shiga zagayen bankwana. Gida-gida yake bi yana neman gafara. Ya biya duk bashin da ake binsa har na kwabo, ya tara ƙannensa ya bar wasiyya, wane zai riƙe gona, wane zai aurar da 'yan mata idan ta Allah ta kasance. Akwai dalilin wannan. A Janairun 1973 jirgin alhazai ya faɗi a filin jirgin Kano yana dawowa daga Jidda, mutum 176 suka rasu, kuma ta Kanon nan namu suke tashi. Shi ya sa matan gida suke daka yaji da garin kunu, suna ƙulla kuka da daddawa da dambun nama, suna share hawaye da bakin zane.

Wanda bai san Zuru ba sai an yi masa bayani kafin ya gane yadda bankwanan nan yake. A gidan Badakkare guda za ka tarar da wa Musulmi, ƙane Kirista, kakansu kuma yana nan a kan gargajiya, ba ya wasa da bikin Uhola. Haka abin yake daga Dabai zuwa Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu. Don haka masu kawo wa Kawu gudummawa ba a tambayar addininsu. Maƙwabcinsa na katanga tsohon soja ne da ya yi yaƙin Bama, dattijo a cocin UMCA, kowa Saje yake ce masa. Daren da za a tashi ya shigo zaure da gorar ruwansa ta soja, mai rigar bargo da ta koɗe, ya miƙa wa Kawu ya ce, "Maƙwabci, ƙasar da za ka rana gare ta. Ka riƙa sha tun ba ka ji ƙishi ba. In ka je ɗakin Allah ka sa mu a addu'a." Kawu ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Saje, in Allah ya kai ni, da kai zan fara." Ina tsugune a bakin ƙofa na ji wannan da kunnena.

Akwai wani dattijo a unguwar da duk hidimar nan ba ta girgiza shi ba. Baba Alhaji muke ce masa. Shi da ƙafa ya je, bayan yaƙin Hitila, kuma sai da ya shekara bakwai kafin a sake ganinsa a Zuru, har an soma maganar raba gadonsa. Da dare mukan zauna gindin tabarmarsa yana lissafo mana zango-zango: Kano, Maiduguri, Fallomi wadda yanzu ake kira Injamena, Abeshe, Jinaina, Fashir, Ubayyid. Inda guzuri ya ƙare a nan ake yada zango a nemi na gaba. Ya yi ga-ruwa, ya yi dako, ya yi damina uku yana tsinkar auduga a gonakin Jazira da Turawa suka buɗe a Sudan a 1925. A can ya tarar da garuruwa sukutum na mutanenmu, irin su Mai Wurno a bakin Kogin Nilu, inda jama'ar da suka yi hijira bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 suka zauna. Daga bisani ya kai Sawakin, ya sha zaman killace na masu allura, ya hau jirgin ruwa ya tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga labarinsa shi ne mutanen da ya binne a hanya. Yakan kira su ɗaya bayan ɗaya, wane mutumin Katsina, wance matar wani malami daga Gwandu, ya yi musu addu'a kafin ya ci gaba da magana. Bai taɓa raina masu zuwa a jirgin sama ba. Cewa yake yi Allah ne ya naɗe musu ƙasa, su gode. Amma ya sha faɗa mana cewa a zamaninsu ba a tambayar mutum nawa gare shi kafin ya kama hanya. In kana da ƙafa da niyya da ƙarfin yin aiki, hanya a buɗe take.

Kawu ya dawo cikin hunturu, ana tsakiyar sussukar dawa. Tun daga tasha aka tarye shi, yara na gudu a bayan mota. Ya fito da farar jallabiya da rawani mai ɗigon ja, ga haƙorin Makka yana walƙiya in ya yi dariya. Kwana uku zaure bai rabu da mutane ba. Kowa ya zo a ba shi dabino ɗaya ko biyu, da bagaruwar Makka, a tsiyaya masa zamzam a ɗan mitsitsin kofi ya juya gabas ya sha. Tsofaffi mata suka sami kwalli da tasbaha, limamin unguwa ya sami darduma. Saje ya sami hula da kwalbar turare, gorarsa kuma ta dawo masa cike da zamzam. Bai ƙi ba, ya ce ruwan da aka ɗauko daga wurin addu'a ba a mayar da shi.

Ni rabona shi ne wata 'yar kyamarar roba ja. Ba ta ɗaukar hoto. Ido ake kafawa a ɗan ramin bayanta a fuskanci haske, sai ga Ka'aba ta bayyana, ƙarama, tsaf, mutane farare sun kewaye ta. In ka danna maɓallin gefe sai ta ce ƙyas, hoto ya juya: koren kubba ta Madina, dutsen Arfa, tantunan Mina, Safa da Marwa. A hoton Ka'abar nan babu abin da ya fi hasumiyoyin masallaci tsawo sai duwatsun da ke bayansu, da gidaje 'yan ƙanana da suka hau jikin duwatsun. Yaran unguwa, har da 'ya'yan Saje, layi suke yi a ƙofar gidanmu don su leƙa. Da wannan hoton na girma, shi nake gani in an ambaci Makka, har na yi furfura.

Waɗanda Makka ta gagara kuwa suna da tasu ziyarar. Lokacin da nake karatun malanta a Sakkwato nakan ga motoci cike da tsofaffi a ƙofar Hubbaren Shehu, daga ƙauyukanmu, daga Nijar, har daga zangon Hausawa na Gana. Wasu su zarce Wurno wurin Sarkin Musulmi Bello, wasu Gwandu wurin Malam Abdullahi. Shehu Usmanu kansa ya rasu a 1817 bai sami zuwa Hajji ba, duk da begen Madina da ya cika rubuce-rubucensa, kuma na sha jin malamai suna lallashin talakan da bai sami iko ba da wannan.

Ranar 11 ga Yulin 1991 ina koyarwa a wata firamare a cikin Zuru. Damina ta kankama, ana noman farko. Da rana labari ya shigo ta rediyo cewa jirgin alhazai ya faɗi a Jidda jim kaɗan da tashinsa, kuma Sakkwato ya nufa. A lokacin mu 'yan Jihar Sakkwato ne, sai a ƙarshen Agustan shekarar aka yanke Kebbi. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya fita. Daga baya bincike ya nuna tayoyin da ba su da isasshiyar iska ne suka fashe wajen tashi, wuta ta kama aka naɗe ta cikin cikin jirgin. Amma a ranar ba mai tambayar dalili, sunaye ake nema. Babu wayar hannu. Mutane suka cika ofishin alhazai da ƙofar fada, wasu suka hau mota suka nufi Sakkwato cikin ruwa. Gwaggon matata tana cikin waɗanda ba su dawo ba tukuna. Kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansu ba, sai abincin da maƙwabta suke shigowa da shi, har Allah ya sa aka tabbatar tana sansanin Jidda tana jiran jirgi na gaba. Ranar Lahadin makon an yi wa mamatan addu'a a coci-cocin garin kamar yadda aka yi a masallatan Juma'a.

Su ma 'yan'uwanmu Kiristoci hanyarsu ta buɗe a hankali. Saje ya rasu bai ga Urushalima ba, amma 'yarsa, wadda muka yi firamare tare, ta je bayan an kafa hukumar masu ziyara ta Kiristoci a 2007. Ta ga Baitalami da Nazarat, ta shiga Kogin Urdun, ta dawo da man zaitun da ɗan gicciye na itace. Muka je yi mata barka da sauka kamar yadda ubanta ya zo wa Kawu. Ta zaunar da mu tana ba mu labarin cunkoson da ta gani, Turawa da 'yan Koriya da 'yan Habasha kowa da mai yi masa jagora riƙe da tuta, kowane rukuni minti kaɗan ake ba shi a wuri a ce ya matsa. Ban ɗauki maganar da nauyi ba a ranar, sai da na ga irinta da idona a wani wurin.

Nawa kiran ya zo a 2010. Adashin malamai da kuɗin wani fili da na sayar su suka kai ni. Muka yi bita, aka yi mana allurar sanƙarau da ta shawara, aka ɗinka mana yunifom, muka tashi ta filin jirgin Sultan Abubakar III a Sakkwato. Ba zan iya kwatanta abin da na ji ba sa'ad da na ratsa ƙofa na hango Ka'aba. Addu'o'in da na shekara ina tanadi duk suka ɓace mini, sai kuka. Wannan bai canza ba tun zamanin Baba Alhaji, kuma ba na jin akwai ginin da zai canza shi.

Amma da na ɗaga kai a zagaye na biyu na ɗawafi, sai ga wani dogon bene ya tokare sama, da agogo a ƙirjinsa. A azumin shekarar aka fara gwada agogon, ginin kuma da aka kammala shi a 2012 ya kai mita 601. A wurin da yake tsaye da can dutse ne, da gidan tsaro na Ajyad da Turkawa suka gina fiye da shekara 200 baya. A 2002 aka rushe gidan, aka baje dutsen. Ta ɓangaren arewa kuma unguwar Shamiyya ta tafi tun 2008 don faɗaɗa masallaci. Gidajen da na saba gani a jikin duwatsu cikin 'yar kyamarata babu su. A ƙasan agogon otal-otal ne da kantuna hawa-hawa, kuma ɗakin da tagarsa take kallon Ka'aba kuɗinsa daban ne. Mu masaukinmu yana can Misfala, sai mun yi tafiya mai ɗan nisa kafin kowace salla.

Ban ji haushin nisan ba, domin a hanyar nan na sami Makkar da na fi sabawa da ita. A Shara Mansur muke cin tuwo da miyar kuka a hannun matan takari. Wata tsohuwa da nake sayen koko wurinta ta ce mini kakanta da ƙafa ya zo daga ƙasar Katsina, ita a Makka aka haife ta, ba ta taɓa ganin Najeriya ba, amma Hausarta ta fi tawa tsufa. Jikokin abokan tafiyar Baba Alhaji ke nan. Wasunsu sun zama 'yan ƙasa, ana kiransu Hausawi, har ɗaya daga cikinsu, Usama Hausawi, ya riƙe kyaftin ɗin 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar cin kofin duniya ta 2018. Wasu kuwa har yau ba su da takarda, kullum suna wasan ɓuya da askarawa.

A cikin shekarun da suka biyo baya ne na fara karanta alƙaluman da suka bayyana mini abin da na gani. A 1950 mutum miliyan 25 ne kacal suka tsallaka iyakar ƙasarsu don yawon buɗe ido a duniya duka. A 2012 adadin ya haura biliyan 1, a 2019 ya kusa biliyan 1.5. Annobar korona ta karya shi da sama da kashi 70 cikin 100 a 2020, shekarar da aka hana kowa zuwa Hajji daga waje, amma zuwa 2024 ya koma wajen biliyan 1.4. Kowace ƙasa tana son rabonta a wannan kasuwa, Saudiyya kuma ta san mai ba zai dawwama ba. A Afrilun 2016 Yarima Muhammad bin Salman ya bayyana shirin ƙasar na shekarar 2030, a ciki har da burin karɓar masu Umara miliyan 30 a shekara. A Satumban 2019 suka fara ba da bizar yawon buɗe ido ga ƙasashe 49, ba da Najeriya ba. Suka gyara Mada'in Salihu da tsohon garin Jidda, waɗanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2008 da 2014, suna tallata su. Sun ce a 2023 baƙi da 'yan gida masu yawon buɗe ido sun kai miliyan 100, masu Umara daga waje kuma sun haura miliyan 13.

Hajji shi ba ya faɗaɗuwa haka. Kwanakinsa ƙididdigaggu ne, Mina kwari ne tsakanin duwatsu, tun ƙarshen shekarun 1980 kuma ƙasashen Musulmi suka amince da kason mutum 1,000 cikin kowane miliyan. A 2012 mahajjata sun haura miliyan 3, a 2019 sun kusa miliyan 2.5, a 2024 kuwa miliyan 1.8 ne da 'yan kai. Umara ce ƙofar da ake iya buɗewa duk shekara, ita aka buɗe.

Na ga haka a 2023 da babban ɗana ya biya mini Umara ta hannun wani kamfanin jirgin yawo. Biza a waya ta zo. Tsakanin Madina da Makka, inda muka kwana a bas a 2010, yanzu jirgin ƙasa ne mai gudun kilomita 300 a awa, da aka buɗe a 2018, yana cinye kilomita 450 cikin awa biyu da rabi. Tsofaffi suna ɗawafi a keken lantarki. A gindin Dutsen Nur an gina wurin baje kolin tarihi da shagunan shayi. Ga tsabta, ga sanyi, ga alamomi har da Hausa a wasu wurare. Ƙarya ne in ce jikina bai ji daɗi ba. Ban kuma manta abin da cunkoso yake yi ba: mutum 1,426 a ramin Mu'aisim a 1990, sannan turmutsitsin Mina na 2015 da ya ci 'yan Najeriya sama da 200, cikinsu har da 'yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin. Duk wanda ya yi jifa a gada mai hawa-hawa ta Mina ya san an ceci rayuka da ita. Mai cewa a bar Makka yadda take a 1977 bai yi wa masu zuwa yanzu adalci ba.

Duk da haka akwai abin da ya tsaya mini a wuya. A Madina shiga Rauda sai ka nemi lokaci a manhajar waya. A layi na ga wani dattijo daga Nijar, zai yi shekara saba'in da ɗoriya, riƙe da 'yar wayar nan mai tocila. Aka nuna masa ya koma gefe. Bai yi gardama ba, ya tsaya daga nesa ya ɗaga hannu yana sallama ga Manzon Allah, hawaye na bin gemunsa. Sai wani yaro Bakano da ke cikin ayarinmu ya je ya kama hannunsa ya ce, "Baba, zo mu gwada a tawa wayar." Ya yi ta fama har ya samo masa lokaci na washegari da tsakar dare. Wannan tsari bai yi tanadin irin dattijon nan ba, alhali irinsa su ne suka riƙe hanyar Makka ɗaruruwan shekaru. A Mina ma yanzu tantuna aji-aji ne, na kusa da wurin jifa mai katifa da abinci iri-iri na masu hali ne, talaka yana can ƙarshen kwari. Harami an sa shi ne don kada a gane sarki da bawa. Idan aka raba masu haramin gida-gida gwargwadon aljihunsu, an taɓa wani abu da yake cikin zuciyar aikin.

Shara Mansur ma na tarar an ci rabinta. Wata ƙatuwar hanya da ake yi daga yamma zuwa Masallacin Harami ta bi ta kan tsofaffin unguwannin da baƙaƙen fata suka zauna tun kaka da kakanni. Na tambayi mai kokon nan, ba wanda ya san inda ta koma.

Babban abin da ya raba mu da Makka dai yana nan gida. A 2017 kujera tana wajen naira miliyan 1.5. A 2023 ta kusa miliyan 3. A 2025 ta haura miliyan 8. Kuɗin masauki da na tanti da na jirgi duk da dala da riyal ake biya, naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta faɗo daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500 cikin 'yan watanni. Hukumar NAHCON da aka kafa a 2006 ta ɓullo da adashin gata a 2020 don mutum ya riƙa tarawa a hankali, amma farashi ya fi mai tarawa sauri. Sannan ga abin da ya sami ƙasar Zuru. Shanun da manomi yake sayarwa ya biya kujera 'yan bindiga sun kore su. Ƙauyuka da dama a Danko-Wasagu da Sakaba sun watse, a Maris ɗin 2022 kaɗai an kashe 'yan sa-kai sama da 60 a kwanton ɓauna guda. Wanda yake neman kuɗin fansar ɗansa ba ya zancen Makka. Yanzu in ka duba jerin maniyyata, 'yan kasuwa ne da manyan ma'aikata da waɗanda wani ɗan siyasa ya ba kujera. Ba a nan kaɗai ba ne. A Hajjin 2024, da zafi ya haura digiri 51 a Makka, mutum 1,301 suka rasu, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin 100 ba su da izinin Hajji. Mutane ne daga ƙasashe daban-daban da kuɗin hanyar hukuma ya fi ƙarfinsu, suka shiga da bizar ziyara, suka yi ta tafiya a rana babu tanti babu mota.

A Hajjin shekarar, jirgin farko na alhazan Najeriya ya tashi ne daga filin jirgin Sir Ahmadu Bello da ke Birnin Kebbi, a watan Mayu, aka yi biki. Akwai wani aminina da ya kamata a ce yana cikin jiragen nan. Tare muka yi aikin koyarwa, tare muka yi ritaya. Ya haɗa kuɗin sallamarsa da na gonar da ya gada, ya biya kusan miliyan 4.7, ya yi bita, har an auna shi yunifom. Ana cikin azumi, a ƙarshen Maris, aka sanar cewa faɗuwar naira ta sa kowa sai ya ƙara miliyan 1.9, cikin 'yan kwanaki. Gwamnatin jiha ta ɗauke wa kowane maniyyaci miliyan ɗaya. Saura dubu ɗari tara da 'yan kai. Ya zo gidana bayan tarawihi, muka zauna muna lissafin wanda za a iya tunkara. Muka bi 'yan'uwa, muka bi tsofaffin ɗalibai, wani abokin aikinmu Kirista ya kawo abin da ya sawwaƙa ba tare da an roƙe shi ba. Ranar da wa'adi ya cika ko rabi ba mu haɗa ba.

Da aka mayar masa da kuɗinsa, 'ya'yansa suka ce ya ajiye a ƙara a baɗi. Ya ce ya ga yadda baɗi take yi wa kuɗi, shekarunsa kuma ba sa jira. Ya je wurin wani malami ya tambaya, malamin ya ce masa Hajji bai hau kansa ba tunda iko ya gagara, Umara kuwa alheri ce amma ba ta sauke farali. Ya ce ya ji. A watan Mauludi ya bi jirgin yawo ya yi sati biyu, ya ga Ka'aba, ya yi sallama a Rauda, ya dawo da dabino da zamzam, muka taru a zaurensa. Tun daga ranar mutanen unguwa suke ce masa Alhaji. Duk wanda ya faɗa sai ya tsayar da shi ya gyara masa. Ni ma ranar da bakina ya suɓuce na kira shi haka a gaban jama'a, sai ya kama hannuna ya ce, "Haba Malam, kai da ka san komai. Ban tsaya Arfa ba."